Filaf rabi ko duka? Yadda na auna nawa jirgin kafin in tsaida lambar sauka

In ka sayi jirgin saman da kamfani ya ƙera, Cessna ne ko Piper, da littafinsa yake zuwa, an rubuta maka komai tsaf, a gudu kaza zaka sauke filaf, a gudu kaza zaka nufo titi, titi mai tsawon kaza zai ishe ka. Wanda ka haɗa da hannunka a gareji kuwa ba mai baka wannan littafin, kai zaka rubuta abinka. Masu saida kit, wato sassan jirgin da zaka haɗa da kanka, suna bada lambobi, eh suna bayarwa, amma fa lambobin nasu jirgin ne da suka gwada, da nasu injin da tasu farfela da nasu nauyin, kai kuma ka lafta wa naka fenti, ka sa kujeru masu kauri, ka cika gabansa da na'urori, ga kuma hannunka ba nasu bane wajen ɗaura fiffike. Shi yasa a Amurka inda harkar tafi ƙarfi, tsarin da aka saba dashi shine sabon jirgin gida sai yayi awa 40 na gwaji a yankin da aka keɓe masa ba tare da fasinja ba, ko awa 25 in injin da farfelar masu takardar amincewar hukuma ne, kafin a sake shi ya shiga gari kamar kowa.

Nawa mai kujera biyu ne gefe da gefe, na alminiyam, fiffikensa a ƙasa, farfelarsa irin wadda ba a canza mata kwana a sama, filaf kuma na lantarki. Ga wanda bai saba ba, filaf shine wannan ɓangaren na bayan fiffike kusa da jikin jirgi da yake lanƙwasowa ƙasa, nawa irin mai tsaga ne, in ya sauka sai wata 'yar kafa ta buɗe tsakaninsa da fiffike iska ta bi ta ciki ta hau samansa. Abu ɗaya nake son sani a wannan zangon na gwaji, da filaf nawa zan riƙa sauka kullum kuma da wane gudu. Domin a hangarmu, wato rumfar da muke ajiye jirage, in ka tambayi mutum uku amsa uku zaka samu, wannan yace rabi ya isa, wancan yace in baka sauke duka ba me ya sa ka ɗaura shi, kuma kowa rantsuwa yake yi da nashi jirgin.

A ƙasa aikin ya fara. Na ɗauko ƙaramin awon kwana na dijital na ɗora a kan filaf yana sama na maida shi sifili, na danna maɓalli har ya kai ƙarshe, na hagu ya bani digiri 30 na dama ya tsaya a 28 da ɗan wani abu. Wannan ba abin mamaki bane a sabon haɗi, shi yasa aka yi wa sandar turawar zare a baki, na juya ta rabin zagaye rabin zagaye har suka zo ɗaya, na ɗaure noti na sa alamar fenti. Digiri biyu a ido ba komai bane amma a sama zaka ji jirgi yana son kwantawa gefe duk lokacin da ka sauke filaf, ka yi ta zargin iska alhali ba ruwanta. Daga nan na manna siririn tef a gefen filaf inda zan hango ta taga, layi ɗaya na 15 layi ɗaya na 30, saboda ba na son dogara da allo kaɗai, sannan na auna lokacin da motar lantarkin dake tura filaf take ɗauka daga sama zuwa ƙasa, kusan sakan 7. Wannan sakan 7 ɗin a riƙe shi, zai yi amfani in an zo maganar fasa sauka.

Akwai wani dattijo a hangar, tsohon makanikin jirage ne kuma matuƙi, Baba muke ce masa, shi ya duba min farin layin dake kan mitar gudu kafin in tashi. Farin layin nan daga gudun sitol, wato gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi, da cikakken filaf yake farawa ya ƙare a iyakar gudun da aka yarda a buɗe filaf, ka wuce shi filaf na ƙasa toh hinjis da sandar turawa da ita kanta motar su ke shan wahalar. Iyakar sama kam ban taɓa ta ba, ta wanda ya zana jirgin ce, lissafin ƙarfin ƙarfe ne, ba abin da zaka gwada kaga inda zai karye bane. Baba ya ƙara min da cewa, "yaro, filaf na ƙasa kada ka fizgi sandar tuƙi, yawancin ƙananan jirage ninki biyu na nauyinsu kawai aka lissafa musu a haka." Nace toh Baba.

Sai sama. Na hau can wajen ƙafa 5,000 daga ƙasa da sassafe lokacin da iska take kwance, ni kaɗai, mai rabin tanki, na duba ko'ina ba kowa, na ja totur baya na fara rage gudu a hankali, not ɗaya (ma'aunin gudun jirgi kenan) duk sakan ɗaya, ba a gaggawa in ana son lamba ta gaskiya. Sitol dai ba mutuwar inji bane kamar yadda wasu ke ɗauka, fiffike ne yake kai kwanar da iska ta daina bin samansa ta rabu dashi, ɗagawar ta zube hanci ya faɗi. Ba filaf sai da sanda ta fara ɗan kakkarwa sannan hanci ya sunkuya a mutunce. Da 15 kusan haka. Da 30 kuwa gargaɗin gajere ne, kakkarwar kaɗan ce sai kawai hanci ya tafi, kuma in ƙafarka bata daidaita fedar jela ba fiffiken hagu yana son rigan ɗan'uwansa faɗuwa.

Amma kafin in yarda da abinda mita ta nuna sai da na binciki ita kanta mitar, kuma nan ne nake ganin mutane da yawa suke tsallakewa. In hanci yayi sama sosai iska bata shiga bututun awo a miƙe, ramin gefen jiki ma yana samun nashi matsin, sai mita ta riƙa faɗin abinda ba shi ba. Yadda ake kama ta, ka riƙe gudu ɗaya da tsayi ɗaya ka tashi ta fuskoki uku ko huɗu, kana rubuta gudun ƙasa da GPS ya baka a kowace fuska, ka cire iska da lissafi, ka gyara da tsayi da zafin wajen. Tawa a tsakiyar gudu lafiya lau take, kuskuren bai wuce not ɗaya ba, amma dab da sitol da cikakken filaf tana nuna 43 alhali gaskiyar kusan 47 ne. Ka ga ƙa'idar da kowa ya sani ita ce ka ninka gudun sitol da 1.3 ka samu gudun nufo titi, toh in ka ninka 43 zaka samu 56, in ka ninka 47 zaka samu 61, kuma mai shigowa da 56 yana jin yana da rarar kashi 30 cikin ɗari alhali rarar tasa bata kai haka ba.

Bayan gyara ga abinda ya fito a nawa, ba filaf 54, da 15 ya sauko 49, da 30 kuma 47. A duba da kyau, rabin farko ya rage not 5, rabi na biyu not 2 kacal. Wato in don a rage gudun sitol ne kawai ake sauke filaf, toh da 15 an gama cin moriyarsa, sauran ba wani abin kirki yake ƙarawa ba, kuma da wannan hujjar masu cewa rabi ya isa suke kare kansu. Ni ma a ranar na sauko ina ganin suna da gaskiya.

Gwaji na gaba ne ya juya min ra'ayi. A sama dai, na ɗauki wani tsayi na ce nan ne titi, na ja totur gaba ɗaya baya na riƙe gudun da lissafi ya bani na kowane filaf, 70 da 64 da 61, ina kallon agogo da mitar tsayi. Ba filaf jirgin yana zubar da wajen ƙafa 600 a minti, wato duk ƙafa ɗaya da ya sauka yayi gaba kusan 12. Da 15 ya koma wajen 680. Da 30 kuwa sai ga 850, ƙafa ɗaya ƙasa 7 gaba, kana ji a jikinka kamar an riƙo jirgin ta baya, bel yana ɗan matse ka lokacin da filaf ke tafiya daga 15 zuwa ƙarshe. Ashe rabi na biyun aikinsa daban, turjiya yake kawowa, shi ne birkin. Kuma jirgi mai santsi irin wannan da farfelar da ba a canza mata kwana, turjiya ita ce abinda ya rasa, domin masu farfela mai canza kwana in sun tura ta gaba suka rufe totur ita kanta tana tare iska ta riƙe jirgi, tawa kuwa ko an rufe totur sululu take bari ya wuce.

Ga inda abin yake da daɗi. Layin sauka na manyan filaye da fitilun gefen titi ke nunawa yawanci digiri 3 ne, kuma lissafin kai shine ka ninka gudun ƙasa da 5, mai tafiya a 60 yana buƙatar saukar ƙafa 300 a minti. Mu masu inji ɗaya mun fi son shigowa da tsayi fiye da haka, digiri 4 ko 5, saboda in inji ya ɗauke a kai titi. Toh a nawa ba filaf, totur a rufe ruf, digiri 5 ɗin ma da kyar yake kaiwa, ma'ana in na samu kaina a sama da layi ba abinda ya rage a hannuna, totur ya riga ya ƙare, in na tura hanci ƙasa gudu ne zai ƙaru. Da cikakken filaf kuwa jirgin zai iya gangarowa kusan digiri 8, don haka in ina son 5 dole in bar ɗan wuta a inji, kuma wannan ɗan wutar shi ne dukiyar, nayi sama in rage nayi ƙasa in ƙara, gudu yana nan inda na ajiye shi. Kamar direban babbar mota ne a gangara, wanda ya sa ƙaramar giya yana ɗan taɓa totur shi ke da iko da motarsa, wanda ya sake ta a babbar giya sai dai yayi ta addu'a a kan birki.

Wani abu kuma da lamba bata nunawa shine gani. Ina sauke filaf hanci yana sunkuyawa, a nawa sosai ma, sai na ja tirim, abin dake rage wa hannu nauyin sanda, baya kusan duk lokacin da na ƙara, amma ladan shine titi yana fitowa fili a gabana, ina ganin inda zan taɓa tun daga nesa. Ba filaf hanci a sama yake, dab da titi sai dai ka riƙa leƙe ta gefe. Wanda ya koyi tuƙi a Cessna mai fiffike a sama ya kula da wannan, can in ka sauke matakin farko hanci sama yake yi saboda iskar da fiffike ke turowa ƙasa tana dukan jela, nan kuma akasin haka ne, hannunka zai so yin abinda ya saba.

Tunda an zo kan Cessna, tsofaffin 172 da 150 filaf ɗinsu har digiri 40 yake kaiwa, daga baya kamfanin ya maida shi 30, a 152 tun 1978 a 172 kuma daga 1981, kuma cikin dalilan akwai yadda jirgi mai ƙaramin inji yake kasa hawa in an fasa sauka da 40 a buɗe da cikakken kaya. Nasu kuma yana ɗan zamewa baya yayin da yake sauka, dabarar da Harlan Fowler ya fito da ita tun 1924 wadda ta ƙara faɗin fiffike gaba ɗaya, Lockheed suka sa ta a Super Electra a 1937. Yawancin jiragen gida basu kai nan ba, ko dai fallen hinji ne kawai kamar na RV-6 da RV-7 masu kaiwa wajen 40, ko mai tsaga irin nawa, don haka digiri 30 na wani ba digiri 30 naka bane, kada a kwafi lamba daga jirgin da ba irin naka ba.

Fasa sauka ma a sama na fara gwada shi, kuma ina ba kowa shawarar haka. Na sa filaf 30, tirim a baya kamar mai shirin taɓa ƙasa, gudu 61, sai na tura totur har ƙarshe. Kai, hanci ya taso da ƙarfi ba shiri, sai da na tura sanda gaba da gaske, ƙafar dama kuma na danna feda saboda farfela tana jan hanci hagu, wannan duk a sakan biyu na farko. Jirgin yana hawa da cikakken filaf, yana hawa kam, amma a kasale. Dana ɗaga zuwa 15 sai ya saki jiki nan take ba tare da ya nutse ba, kuma ya dace da lambobin can, turjiya na cire ba ɗagawa ba. Daga 15 zuwa sifili ne yake ɗan zama ƙasa in gudu bai kai ba, don haka sai na ga 70 da tsayi a ƙarƙashina nake ƙarasawa. Matsalar maɓallin lantarki ita ce hannun dake kan totur shi zai je ya riƙe shi wajen sakan 3 zuwa 4 kafin a kai 15, ga sanda tana turo ka, shi yasa na matse abin ɗaure totur ɗin ya daina zamewa baya da kansa. Masu hannun ja irin na Piper Cherokee, 10 da 25 da 40, su nan take suke yi, amma su kuma haɗarinsu mutum ya saki hannun gaba ɗaya a tsorace jirgi ya zauna.

Sai da na gama duk wannan na kawo abin titi, dogon titi na zaɓa da iska kaɗan a hanci. Da 15 a gudun 64 shigowar tana da kyau har bakin titi, ina ɗaga hanci sai jirgi yaƙi sauka. Ya kwanta a kan iska ƙafa biyu daga ƙasa yana ta tafiya, fitilun gefe suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ni kuma ina zaune ina jira. Dalilin sananne ne, in tazarar fiffike da ƙasa bata kai tsawonsa ba, musamman in bata kai rabinsa ba, turjiyar da ɗagawa ke haifarwa tana raguwa sosai, kuma mai fiffike a ƙasa shi yafi shan wannan. Kuma a nan ne ake lalata jirage, mutum yaga titi na ƙarewa ya tura hanci don ya tilasta masa, tayar gaba ta fara bugawa, jirgi ya yi tsalle ya dawo ya sake tsalle, ƙafar gaba ta jiragen gida kuma siririya ce ba a yi ta don wannan ba. Da 30 a gudun 61 labarin daban ne, ina rufe totur ina ɗaga hanci gudun yana zubewa da sauri, 'yar tafiya kaɗan tayoyin baya su taɓa, hanci ya biyo a hankali. Sai dai yana son ka kasance a farke, in ka ɗaga hanci da wuri kana sama sosai gudun zai ƙare ka faɗo tim, ba ya jira.

Na kuma gwada ƙara not 5 da gangan da cikakken filaf, don in ga ko filaf zai shanye. Bai shanye ba. Ƙarfin tafiya da murabba'in gudu yake tafiya, 66 a kan 61 ƙarin kashi 17 ne cikin ɗari, 70 kuma ya haura kashi 30, kuma duk sai an biya shi da titi. Don haka masu ƙara 5 saboda tsoro da 5 saboda iyali da 5 saboda ko ta kwana, filaf ba zai cece su ba, nasu shawagin ya fi na mai rabin filaf da ya riƙe lambarsa.

Inda muka saɓa da Baba shine iskar gefe. Shi a wajensa da zarar iska ta zo ta gefe toh rabi, ba tattaunawa. Nace Baba ni dai in iskar a tsaye take bata bugawa ban ga dalili ba, da 30 ina taɓawa da ƙaramin gudu in gama da wuri, shawagin nan na rabin filaf shi ke ba iska lokacin tura ni gefe. Yace "yaro, ranar da ta buga zaka neme ni." Kuma a kan mai bugawar yana da gaskiya, na gwada na gani, in tana zuwa tana ɗaukewa cikakken filaf yana sa jirgi ya zama kamar ba nauyi, ya taso ya nutse, eleron, wato ɓangaren fiffike dake kwantar da jirgi gefe, da fedar jela kuma sun yi laushi saboda gudu kaɗan ne. A irin wannan ranar 15 nake sawa in ƙara rabin bambancin bugun, in iska 10 ce tana kaiwa 20 in ƙara 5, in shigo da ɗan wuta har ƙasa in dasa tayar ɓangaren iska. A kan iska mai tsayuwa kuwa har yau bamu daidaita ba, yana nan a kan bakansa ina nan a kan nawa.

Duk lambobin nan fa na mutum ɗaya ne da rabin mai. Da na zo gwajin nauyi buhunan yashi na ɗaure a kujerar fasinja da bel da igiya, ɗaurin gaske, domin buhu ya zame ya danne sanda ba abin wasa bane, ina ƙarawa kaɗan kaɗan. Gudun sitol yana bin tushen murabba'in nauyi ne, ƙarin nauyi kashi 20 yana ƙara gudu kusan kashi 10, kuma haka ya fito, 47 ta koma tsakanin 51 da 52, gudun shigowa ya koma 67. Abinda yafi lambar muhimmanci shine inda nauyin ya zauna. Da nauyi a gaba, ni kaɗai da cikakken tanki ba kaya a baya, cikakken filaf yana cinye tirim ɗina kusan duka, wajen ɗaga hanci kuma sanda tana zuwa har ciki, da na rage gudu ƙasa da lamba da elebeta, ɓangaren jela dake ɗaga hanci, bata ishe ni ba. Da yashi a wajen kaya kuwa, nauyi ya koma iyakar baya, sanda ta zama sakayau, yatsa biyu sun isa, kuma jan da ka saba yi kullum zai sa jirgi ya sake tashi sama. Jirgi ɗaya filaf ɗaya amma hannu biyu daban yake nema.

Lokacin sauke shi ma na tsaida tsari. Ina gefen titi daidai inda zan taɓa nake rage wuta, gudu ya shiga farin layi in sa 15, in sha kwanar nan guda biyu ta zagayowa titi a haka, sai na miƙe na fuskanci titi na tabbatar zan kai sannan in ƙarasa 30. Ba na taɓa filaf a tsakiyar kwana, na farko in ɗaya ya maƙale ɗaya ya sauka gara abin ya same ni fiffike a miƙe, na biyu kwana da kanta tana ɗaga gudun sitol, digiri 30 na kwanciya kashi 7, digiri 45 kashi 19, digiri 60 kashi 41, ba wajen da za a ƙara wa hannu aiki bane. In kuma inji ya mutu, wannan na gwada shi da totur a rufe tun daga gefen titi, 30 ɗin sai an tabbatar titi ya shiga hannu, domin daga ƙafa 12 gaba zuwa 7 a duk ƙafa ɗaya ta sauka ba ƙaramin rashi bane, kuma in ka sauke kaga ba zaka kai ba, ɗaga shi a ƙasa ƙasa nutsewa zai fara kawowa kafin ya baka komai.

Na ƙarshe shine sauka ba filaf sam, tunda na lantarki ne, fis na iya ƙonewa mota na iya tsayawa. Na faɗaɗa zagayen na shigo a kwance da 70, hanci a sama titi yana ɓuya, kuma hanyar zubar da tsayi ɗaya ce ta rage, silif, ka kwantar da fiffike ɗaya ka danna fedar ɗaya ɓangaren jirgi ya riƙa tafiya a karkace gefen jikinsa na tare iska. Nawa yana yinsa lafiya, da filaf ma na gwada a sama ban ji jela tayi wani abu ba, duk da cewa akwai jiragen da aka manna musu gargaɗin a guji silif da filaf a buɗe, don haka kowa ya gwada nashi da tsayi a ƙarƙashinsa, kuma a karkace mitar gudu bata da tabbas, yanayin hanci ake kallo. Titin da na ci ba filaf ya kusa ninka na cikakken filaf, yawancinsa a shawagi ya tafi ba a birki ba.

Wani abokina mai Zenith CH 701, ƙirar Chris Heintz ta 1986, ya karanta takardata yayi dariya yace shi duk wannan bai shafe shi ba. Nashi filaf da eleron abu ɗaya ne, in ya sauke su ikon kwantar da fiffike yana raguwa, kuma jirginsa turjiya ce dashi har tayi yawa, yana rufe totur yake gangarowa, shi wuta yake nema wajen sauka ba birki ba, yawanci ma ba ya taɓa filaf ɗin sai titi ya gajarce sosai. Ni dai abinda na buga na manna kusa da maɓalli layi uku ne, 30 da 61 ni kaɗai ko 67 da kaya, 15 da 64 ni kaɗai ko 70 da kaya, in iska na bugawa a ƙara rabin bugun, ba filaf 70 ko 77 kuma a nemi dogon titi. Saura in maimaita awon titin da rana tsaka lokacin zafi, domin mita zata nuna 61 ɗin nan dai amma gudun ƙasa zai fi haka, ina son in san da nawa.